Kada da Walƙiya

A unguwar Marikina kowa ya san Nestor Macaraeg da tuƙin jifni, motar haya mai fenti kala-kala da ya gada wurin mahaifinsa. Amma duk Asabar yakan ajiye mota, ya sa wando kore, ya shafa baƙin kwalli, ya hau dandamalin kokawar nishaɗi da sunan Kada. Aikinsa shi ne a tsane shi. Yana murɗe kunne, yana cin amanar alƙalin wasa, tsofaffin mata na jifansa da takalma. A ƙarshe ya sha kaye, kowa ya tafi gida zuciya fes.

Wanda yake kayar da shi kusan kullum shi ne Wilfredo Tolentino, da ake kira Walƙiya. Tun suna samari suka fara a kamfanin Madam Luz, wata mace mai taurin kai da ke hayar filin ƙwallon kwando tana shirya wasa. Kafin kowane wasa sukan zauna bayan labule su tsara komai: inda za a ɗaga, inda za a faɗi, har da zagin da za a yi. Bayan an watse kuma su je su ci faten shinkafa da kaza, su biyu, a lungun da 'yan kallo ba sa bi.

Wata shekara abokin kasuwancin Madam Luz, Mista Ong, ya ɓalle ya buɗe nasa kamfanin a ƙetaren kogi, da fitilu da kyamarori. Ya janye rabin 'yan wasa, har da Wilfredo.

"Mu tafi tare, mutumina," in ji Wilfredo. "Wa zan riƙa duka a can?"

"Madam Luz ce ta yi jinyar mahaifina," Nestor ya ce. "In na tafi, ba zan iya haɗa ido da ita ba."

Madam Luz ta tara waɗanda suka rage ta kafa doka: duk wanda aka gani tare da ɗan wasan gidan Ong, ko a layin asibiti ne, ya kwashe kayansa. Gidan Ong ma suka riƙa sa wasansu rana ɗaya da nata, lokaci ɗaya. Sai wata Asabar Madam Luz ta miƙa wa Nestor lasifika ta ce ya wanke mata Walƙiya tas.

Bai ga wani abu a ciki ba, don ya sha faɗin abin da ya fi haka muni. Ya tsaya tsakiyar dandamali ya ce Walƙiya tsohon doki ne, gwiwarsa ta mutu, gudu ya yi don kar a gane. Fili ya ɗauki sowa. Hoton maganar ya zagaye wayoyin gari.

Sai da ya sauko yana goge kwalli abin ya fara damunsa. Da can, Wilfredo da kansa yake zaɓar zagin, har ya ce, "Ƙara gishiri, wannan bai yi zafi ba." Yau babu wanda ya ba shi izini. Maganar gwiwa kuwa gaskiya ce, kuma shi kaɗai ya sani, domin shekaru yana sauke abokinsa ta ɓangaren hagu don ya kare ta. Ya kira shi a waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira bayan sati, har ya gaji ya bari.

Damina ta wuce. Aka haɗa Nestor da sababbin jarumai, amma jikinsa bai saba da su ba. Yakan miƙa hannu inda ya san za a kama, ya tarar babu kowa.

Ranar wata Lahadi wani fasinja ya ba shi labari, bai ma san da wa yake magana ba: Walƙiya ya diro daga saman igiyar dandamali don ya nuna wa duniya gwiwarsa lafiya lau, ƙafar ta lanƙwashe, ƙashin baya ya taɓu. Nestor ya sauke fasinjojinsa a tasha ta gaba, ya ba su haƙuri, ya juya mota zuwa asibiti.

Ya tarar da Wilfredo kwance, an ɗaure shi daga ƙugu zuwa ƙirji. Ya matsa kusa da gadon.

"Madam ta san kana nan?" Wilfredo ya tambaya.

"Za ta sani."

"Ka zo ka ga tsohon doki ke nan."

"Na zo in ga wawan da ya yi tsalle da ƙafa ɗaya."

Wilfredo ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. Can ya ce, "Ba zagin ne ya ƙona min rai ba, Nestor. Da ka kira ni kafin ka hau, da ni zan ba ka wanda ya fi shi."

Nestor ya ja kujera ya zauna. Da aka kawo abinci, ya karɓi cokali daga hannun matar abokinsa, ya fara ba shi a baki.

Madam Luz ta ji, amma ba ta kore shi ba. Ba ta da wani mai fitowa a mugu da ya kai shi. Shi ne da kansa ya ce mata ba zai ƙara ambaton ɗan wani gida a lasifika ba. Ta yi fushi, ta haƙura.

Wilfredo ya tashi, yana tafiya da sanda, bai sake hawa dandamali ba. Kamfanin Ong ya rufe bayan 'yan shekaru, yaransa suka dawo gidan Madam Luz kamar ba a taɓa yin komai ba. Nestor ya ci gaba da shan kaye har kafaɗarsa ta ƙi. Yanzu yana tuƙi ne kawai, safe da yamma. Jikar Wilfredo ta fara koyon kokawa, kuma ta ce ita muguwa take so ta zama. Kakanta ya yi ta faɗa, daga baya ya aika ta Marikina wurin Nestor.