Hannun Mai Molo a Kan Gita

A shekarata ta shida a Doha na sayi gita, kuma kunnena ne ya ja mini. Wani abokin aikina, Bature ɗan ƙasar Ailan, ya saba kunna wani kiɗa a mota in muna dawowa daga aiki, wai shi buluz, na baƙar fatar Amurka. Wani tsoho ne shi kaɗai da gitarsa, yana kukan jirgin ƙasa ya tafi masa da mata. Na yi wata biyu ina fama da tawa gitar, ta ƙi yin irin wannan murya. Da na tambayi Baturen, ya ce ɗaurin tsirkiyar ne daban, in zo gidansa ranar Asabar.

Na same shi a unguwar Madinat Khalifa. Ya karɓi gitar, ya sassauta tsirkiya uku cikin shida, ya ce in kaɗa su duka kada in danna komai. Ina kaɗawa suka amsa tare kamar sun haɗa baki. A ɗaurin da aka saba, sai ka murguɗa yatsu kamar mai ciwon sanyi kafin ka sami haka. Wannan shi suke kira buɗaɗɗen ɗauri. Na tsare shi da tambaya: me ya sa waɗannan ukun, in an sassauta ta huɗu fa, wa ya fara gano abin? Sai da matarsa ta kawo shayi sau biyu.

Hannun hagu bai ba ni wahala ba. Yatsa ɗaya za ka kwantar a gida na biyar na wuyan gitar, ka matsa na bakwai, ka saki. Na dama ne ya yi mini tawaye. Ana so babban yatsa ya riƙa takawa a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsun suna tsinko sirara zuwa sama. Ni kuwa da na saki jiki sai hannun ya dunƙule, bayan farcen manuniya ya sari tsirkiya ƙasa, babban yatsa ya biyo baya ya ɗalli guda. Baturen ya leƙo da tabarau a kan hanci ya ce wa ya koya mini wannan. Na ce babu kowa.

Ƙarya na yi masa. Mahaifina makaɗin molo ne a wani ƙauye a Zamfara, kuma a cinyarsa na fara taɓa tsirkiya. A wajenmu ana jin daɗin makaɗi, ana yi masa kyauta, amma ba a zaunar da ɗansa a kan tabarmar manya. Tun a makarantar kwana na koyi cewa babana manomi ne, wanda rabin gaskiya ce. A Doha kuwa ni Injiniya ne. Ranar Juma'a in 'yan Arewa sun taru bayan masallaci, kusa da likitoci ake matsa mini wuri, kuma ina son wurin nan ƙwarai. Ko da baban nawa ya rasu, ta'aziyyar manomi aka yi mini.

Duk da haka son sani ya fi ƙarfina. Me ya sa hannun bai tuna komai ba sai da aka sassauta tsirkiyar? Bayan la'asar nakan zauna a barandar gidana da ke unguwar da ake kira Matar Ƙadim, in yi baiti ɗaya irin na Bature, in yi ɗaya irin na gida, ina kwatantawa. A hankali na gane cewa shi ma molo haka ake ɗaure shi, ya yi magana tun ba a danna shi ba. Wani abin mamakin, waƙar tsohon nan na Amurka ta fi zama daram a kan saran gida.

Mai gadin gininmu dattijo ne ɗan wajenmu, mutumin kirki, sai dai abin da ya ji ranar Alhamis, kafin a idar da sallar Juma'a ya zaga gari. Wata rana ina cikin kiɗa ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Injiniya, motarka ta tare masu kwasar shara, yalla, maza a taimaka a matsa." Na ɗauko makulli, amma bai kauce daga bakin ƙofa ba. "Wa ke kaɗa molo a nan?"

"Gita ce, Baba. Kiɗan Amurka nake koyo."

"To sake in ji Amurkar."

Na zauna na yi masa irin na Bature, yatsa bi da yatsa, a tsanake. Ya girgiza kai.

"Ba wannan ba. Na ɗazu, wanda na jiyo daga ƙasa."

Da na ce na manta, da ya tafi. Amma ina so in san abin da kunnensa ya kamo, sai na saki hannun. Ban kai ƙarshen baiti ba ya ɗaga mini tafin hannu.

"Mutum ɗaya na sani da wannan saran. Mai molon nan mai ɗingishi da ke zuwa kasuwar Talata. Shi ya yi mana kiɗa ranar gayyar gonar babana, muka yi noman kwana biyu a wuni guda." Ya ƙura wa goshina ido. "Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Ubana ne."

Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a doguwa, na yi ta cewa amin. Sannan ya waiga ko akwai wani a matakala, ya rage murya.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe. Khalas, a nan ta tsaya. Babu mai ji daga bakina, zan rufa maka asiri."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa maganar ta soke ni. Mutumin da yanzu aka gama yabon hannunsa, shi ne kuma abin da za a rufa mini kamar wani abin kunya, kuma ni na mayar da shi haka, ba Baba mai gadi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce, "A'a, Baba. Ka faɗa musu. Ka faɗi sunansa ma, don ni shekara ashirin ban faɗa a gaban mutane ba."