Jakar da Na Goya Zuwa Maraɗi

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗa tun yanzu kafin labarin kilishi da shayi ya ɗauke mana hankali. Na yi wa wani bawan Allah mummunan zato, ban tsaya a zuci ba sai da na furta a tsakiyar kasuwa, a ƙasar da ba tamu ba. Ga yadda abin ya faru.

Mun tashi da asuba daga Kibiya, ni da wani Alhaji, dattijon da ya fi kowa sanin albasa a unguwarmu. Manoman albasa ne muka haɗa kuɗi a sayo mana iri daga Galmi ta Jamhuriyar Nijar, don irin da muka saya a gida bara rabinsa bai tsiro ba. Ni ne ma'ajin ƙungiya, saboda haka kuɗin suna hannuna. In suka salwanta, noman ranin gidaje da yawa ya salwanta.

A Rano muka ɗauki na ukunmu, wani mutumin Zinyau mai gyaran injin ban-ruwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ya san hanya, ya sha zuwa Maraɗi sayen kayan gyara. Sai dai kowa ya san cewa da ƙuruciyarsa ya yi zaman tasha a Kano, ya yi sane. Ya tuba fiye da shekara ashirin, ya yi iyali, ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba. Duk da haka, ana jibi za mu tafi, na ce wa mutanenmu a majalisa, ƙasa-ƙasa, ni dai ban saki jiki da shi ba, amma zan sa ido. Wasu suka gyaɗa kai, ni kuma na ji kamar na yi wata dabara.

Saboda tafiyar na sayi sabuwar jakar goyo a kasuwar Rano, baƙa mai sheƙi, zif har biyar, da ɗan kwaɗo mai lambobi. Injiniya yana ganinta ya fashe da dariya.

“Ma'aji, wannan ai allon talla ka goyo! Wa ya sayar maka?”

Na ce mai kwaɗo ce, ba mai iya buɗe ta.

Ya ce, “Wa ya ce maka buɗewa ake yi? Ka dawo da ita gaba ko ka matse ta a hammata. Kuma a raba kuɗin nan uku, kowa ya riƙe kaso.”

Da na ji “a raba uku” sai na ce a raina, to, an fara. Na ce masa amana ce aka ba ni, ba na rabawa. Ya ɗaga kafaɗa ya shiga mota.

Ƙarshen damina ne, hanya ta yi kyau da kallo. Daga Rano zuwa Kwanar Ɗangora dawa ta fid da kai, masara kuwa har an fara gasawa a bakin titi. A Kano muka sauya mota. Direbanmu na Katsina mutum ne mai fara'a wanda bai yarda akwai rami a titi ba sai ya faɗa ciki, sannan ya ce, “Af, wannan sabo ne.” Alhaji ya yi ta jan carbi, kowane rami da salatinsa. A Katsina muka sha fura mai sanyi, muka kama hanyar Jibiya. Duk tsawon wannan tafiya jakar tana kan cinyata, ina shafa ta kamar mai lallashin jariri. Injiniya ya raɗa mini cewa in daina, don mai shafa aljihu shi ke nuna wa ɓarawo ɗakin da kaya suke. Nan ma na ce a raina, ji yadda yake lura da ita.

A kan iyaka aka duba takardunmu muka wuce. Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi ba nisa. Abin da ya fara burge ni shi ne gero, gonaki iya ganinka, da amalanken jakai sun jeru gefen titi ba mai yi musu hon. Mutanen wajen Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne. Suna gaida mu da “lahiya lau”, mu ma kafin la'asar mun koma lahiya lau, har Alhaji yana neman a ba shi hura.

Mun sauka gidan wani abokin Injiniya mai sayar da kayan gyara. Aka kawo dambu da zogale, da burodin nan nasu dogo kamar sandar makiyayi. Sai shayi a 'yan ƙananan kofuna. Na farko ɗaci, na kurɓa na ji har cikin kunnena, na ce na ƙoshi. Mai gida ya ce ai ba a tashi sai an sha na uku. Na ukun kuwa zaƙi ne zalla, da na san haka da shi zan fara.

Washegari da hantsi muka shiga babbar kasuwa don mu canja naira zuwa sefa. Na goya jakata a baya, kwaɗo yana reto. Kasuwar cike take, ga masu atamfa, ga masu dabino da cuku, ga ƙamshin kilishi yana jan mutum ta hanci. Na lura duk inda na juya Injiniya yana bayana, har ina jin numfashinsa. In na yi sauri ya yi sauri, in na tsaya ya tsaya. Zuciyata ta gama yanke hukunci. Da muka zo wata 'yar matsattsiyar hanya sai na kutsa tsakanin wasu masu tura baro don in ɓace masa.

Nan take wani ya bangaje ni ta gaba, ya tsaya yana ba ni haƙuri da ladabi, har yana karkaɗe mini riga. Ina amsa masa sai na ji bayana ya yi sakayau. Na waiwaya. Ga Injiniya tsaye, ƙunshin kuɗin ƙungiya a hannunsa, cikin baƙar ledar da na naɗe su.

Ban tambaya ba, ban duba ba. Na ɗaga murya na ce, “Dama na sani! Mai hali ba ya barin halinsa, ka yi mana sata!”

Wanda ya san kasuwa ya san abin da irin wannan magana take jawowa. Kafin in rufe baki mutane sun fara zagaye mu, wani mahauci ya taso, wani ya sunkuya yana neman abin duka. Alhaji yana can baya yana ƙoƙarin ratsowa. Injiniya bai gudu ba, ya dai miƙo mini ledar.

Allah ya kawo wata tsohuwa mai sayar da cuku da ke zaune daidai wurin. Ta miƙe tana buga faifai a cinya.

“Kai baƙo, ka ji tsoron Allah! Ni na gani da idona. Wani dogo mai jar hula ya tsaga maka jaka da reza, wanga bawan Allah ya kama mai hannu ya murɗe har ya saki. Ku bar shi! Kai kuma juyo da jakar taka ka gani.”

Na sauke jakar. An tsaga gindinta daga wannan gefe zuwa wancan, tsaf kamar aikin tela. Kwaɗo kuwa yana nan a kulle, lambobinsa ba wanda ya taɓa. Mutane suka fashe da dariya, mahaucin ya ce in riƙe kwaɗon da kyau kada shi ma a sace. Taron ya watse. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Alhaji ya tambayi Injiniya me ya hana shi yin ihu da ya kama ɓarawon. Ya ce, “Alhaji, na san abin da ake yi wa wanda aka yi wa ihu. Kuɗi sun dawo, ya je ya ji da hannunsa.” Sai a lokacin na gane ihun da ya ƙi yi wa ɓarawon gaske, ni na yi masa.

Bai yi mini faɗa ba. Ya kai mu wurin wani tela, aka ɗinka mana 'yan jakunkuna uku na yadi mai kauri da igiya, irin wadda ake ratayawa a wuya ta kwanta a ƙirji ƙarƙashin riga. Muka canja kuɗin, ƙunshin nan mai kauri ya koma ɗan siriri har na tsorata ko an cuce mu. Aka raba uku. Kuɗin mota da na abinci ya ce a sa a aljihun gaba, don kada a riƙa zaro babbar a gaban jama'a. Kayan sawata kuma muka zuba su a wani tsohon buhun shinkafa da aka yi wa hannu. Daga nan har muka dawo ba wanda ya ƙara kallona sau biyu.

Abu ɗaya ne ya canja. Ya daina ce mini Ma'aji, ya koma Malam. In an kawo abinci a tire ɗaya sai ya ce a zuba masa nasa daban. Da Alhaji kuwa raha ba abin da ya ragu.

Hanyar Galmi ta bi ta Gidan Rumji da Madawa, doguwa ce amma shimfiɗaɗɗiya. Tun kafin ka shiga garin warin albasa zai tarye ka. Ko'ina ka duba rumbunan ciyawa ne da suke kira rudu, inda suke ajiye albasa ta yi watanni ba ta ruɓe ba. Alhaji ya shiga ɗaya ya ƙi fitowa, yana ta tambaya kamar ɗan makaranta. Manomin da muka sayi iri a wurinsa ya bar mu muka gwada: Alhaji ya zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa, kusan duka ya nutse, alamar iri mai ƙwari ke nan. Ana cikin ciniki sai aka ce injin ban-ruwan mutumin ya kwana uku bai tashi ba. Injiniya ya naɗe hannun riga, kafin a gama dafa shayi inji yana ruri. Murna ta sa mai gidan ya ƙara mana iri kyauta, ya yanka mana zabi biyu. Ban taɓa cin romo mai daɗin wannan ba, ko da yake ina ci kunya tana cina.

A hanyar dawowa sau biyu na buɗe baki zan ba shi haƙuri. Na farko na ƙare da maganar ruwan sama, na biyu na tambaye shi kuɗin fulogin inji. A Maraɗi muka sayi kilishi da cuku na tsaraba, a wurin tsohuwar nan na saya, ta ƙara mini ɗaya ta ce in riƙa dubawa kafin in yi magana. A Rano Injiniya ya sauka, ya yi wa Alhaji sallama da dariya, ni kuma ya ce, “Malam, a sauka lafiya.” Muka iso Kibiya bayan la'asar, irin albasar mutane cif, ba abin da ya ɓata.

Abin da na koyo game da jaka ba shi da yawa. Kada ta yi sheƙi, kada ta zauna inda idonka bai kai ba, kada kuɗi su taru wuri ɗaya. In wani ya bangaje ka yana ta ba ka haƙuri, duba kayanka kafin ka duba fuskarsa. Wanda ya fi wannan nauyi kuwa shi ne, na shafe kwana biyu ina gadin kuɗi daga mutumin da yake gadina.

Ranar rabon iri duk manoma suka taru a majalisarmu, har da Injiniya, ya zo a kan babur ɗinsa. Alhaji ya ba da labarin Galmi da zabi da rudu, bai ambaci kasuwar Maraɗi ba, ya rufa mini asiri. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma a wannan wurin na fara ɓata mutumin, kuma waɗanda suka gyaɗa kai suna zaune. Daga baya dai Injiniya ya yafe mini, har ya ce sai na biya da zabi biyu. Amma abin da na faɗa a ranar nake so ya zauna a rubuce. Na miƙe na ce:

“Jama'a, kafin a auna iri ku saurare ni. A nan na ce muku ban saki jiki da Injiniya ba. Ban ga komai ba na faɗa, zato ne kawai. A Maraɗi ɓarawo ya tsaga jakata, shi ya ƙwato kuɗinku, ni kuma na kira shi ɓarawo a gaban mutane, saura kaɗan a dake shi saboda bakina. Irin nan da za ku shuka, shi ya kawo muku, ba ni ba. Injiniya, abin da ka bari shekara ashirin ni na ɗauko na jefe ka da shi. Na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini.”