Ƙullutun da na samo a banɗaki

Har yanzu ni ban ga abin dariya a ciki ba, amma a gidanmu duk wanda na ba labarin dariya yake.

Yayata ce ta jawo. Ba ta daɗe da shiga makarantar nas a Kafanchan ba ta dawo hutu Kagoma da sabon ilimi, ta tara mu a gindin mangwaro ta ce dole kowace mace ta riƙa laluben nononta duk wata, ko za ta ji ƙullutu. Don ta nuna mana, ta cusa tuwon acca cikin safar Baba, ta ɓoye guntun citta a tsakiya, ta ce mu nemo da yatsu. Mama ta ƙi taɓawa. A wurinta ciwo yana da kunne, in ka fita nemansa amsawa yake.

Ni sarkin biyayya, da safe ina wanka na ɗaga hannu na danna kamar mai gwada nunar gwanda. Sai na ji shi, ƙasan na hagu. Abu mai tauri, ba ya motsi.

Na fito da kumfa a kunne. "Yaya, zo ki ji."

Ta taɓa, ta sake taɓawa, idonta ya cika da hawaye. "Yesu! Ba mu kai nan a aji ba."

Wannan maganar ce ta kashe ni. Na ga an yanke min nono, na ga 'yan kwayar cocinmu suna waƙa a kan gawata, har na ga wadda za ta gaji takalmina na Kirsimeti.

Mama ta ji kukanmu ta shigo. "Ban faɗa ba? Kin kira, ya zo!" Ta daka ɗanyar citta ta manna min, ta ɗaure da ɗankwali. Wuta! Ina ihu tana cewa ciwon ne ke fita.

Kafin rana ta take, matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da addu'a. Ana cewa amin, wata ta ja Yaya bayan rumbu ta ce a duba ta. Yaya ta samo irin nawa. Ta gaba ma haka. Shugabar zumunta, mace mai jiki, sai da aka danna sosai, amma ita ma aka samo, ta zauna daɓas a ƙasa. Aka manta da ni, kowa na kukan kansa. Baba ya dawo daga gona, ya ji bayani, ya sa hannu cikin riga ya danna.

"Ni ma ina da shi," ya ce. "Biyu."

Washegari muka yi jerin mashin zuwa asibiti. Wata tsohuwar nas mai gilashi ta sa ni na kwanta, ta bi a hankali da cikin yatsunta har hammata. Ta ce in nuna mata wurin. Na nuna.

"'Yata, wannan haƙarƙarinki ne. Da shi aka haife ki."

Ta leƙa waje ta ga layin. "Wa ya duba su?"

Yaya ta ɗaga hannu kamar mai neman izinin fitsari.

"Da kyau da kika sa su dubawa," in ji nas ɗin. "Amma ki koma aji, ɗiyata, tun ba ki binne ƙauyenku ba." Duk da haka ta duba kowa, ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu ci gaba duk wata, in mun ji baƙon abu mu zo.

Na ce, "Mama nas, don Allah ki sake taɓawa." Ta sake. Na ce ko za ta ƙara sau ɗaya. Ta miƙo min rigata ta nuna ƙofa.

A kan mashin Yaya ta raɗa min kada in bari labarin ya kai makarantarsu. Hannuna na cikin riga, ina taɓa haƙarƙarin duk ramin da muka faɗa.