Yaji, Magen Moutari Mahauci

Moutari ɗan mahauta ne gaba da baya. A Maradi aka haife shi, a gidan da yaro kan iya riƙe wuƙa kafin ya iya ɗaura wando. Ya yi dambe da ƙuruciya kamar sauran 'ya'yan fawa, ya bar haƙora biyu a fage, ya kuma taɓa karya wa wani ɗan Tasawa muƙamuƙi, abin da ba ya son a tuna masa. Da ya zo Greensboro a Amurka sai ya samu aiki a bayan wani shagon kayan abinci na halal a kan High Point Road, yana datsa rago da akuya daga safe har yamma. 'Yan Nijar na garin sun san shi da iya yanka, sun kuma san zuciyarsa a kusa take. Ya taɓa ɗaga wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da wuyan riga ya manna shi da bango saboda ya zagi uwarsa, sai da Alhaji mai shagon ya yi ta ba da haƙuri kafin maganar ta mutu.

Ɓeraye ne suka jawo zancen mage, a shekarar 2004. Afatmen ɗin, wato gidan hayar da yake zaune da matarsa Rachida da 'yarsu Ikram, tsohon gini ne, ɓeraye sun huda buhun shinkafa, sun cinye geron da aka aiko daga gida. Wata Asabar Ikram ta ga masu ceton dabbobi sun jera keji a gaban wani kanti, ta dawo gida da hoton wata mage, ta hana kowa sakat.

"A gida mage da ƙafarta take zuwa," in ji Moutari. "Nan kuma sai an je nema kamar aure?"

Ya dai tuƙa su zuwa Pleasant Garden, inda magen take hannun wata tsohuwar Baturiya, Misis Wanda, wadda ke riƙon dabbobin da aka ceto har su warke su samu gida. Hannayenta duk tabon farce ne. Ta kai su wani ɗaki a baya, ta nuna musu ƙarƙashin kujera. Hoton bai faɗi gaskiya ba. Magen ba ta da rabin kunne, gefenta na hagu fata ce tsurara ba gashi, wuyanta da zoben tabo.

"A cikin kwalbati aka tsince ta," in ji Misis Wanda. "An ɗaure mata waya a wuya, an zuba mata mai, an kunna wuta. Ba ta yarda da maza ba. Ina gaya maka tun yanzu."

Moutari ya yanka dabbobin da ba zai iya ƙirgawa ba. Ubansa ya koya masa a shayar da dabba kafin yanka, kada a wasa wuƙa a gabanta, kada wata ta ga ana yanka wata. Bai san sunan da zai kira wanda ya yi wannan aikin ba. Ya ce za su ɗauke ta. Misis Wanda ta ce ba da sauri haka ba, sai ta zo ta ga gidansu tukuna. Ta kuwa zo, ta leƙa har bayan firiji, ta sha shayin Rachida, sannan ta amince.

Ran da aka kawo magen, Moutari ya buɗe kejin ya miƙa hannu. Magen ta daka tsalle ta kafa masa haƙora a gindin babban yatsa, ta sa ƙafafun baya ta tsaga masa damtse har gwiwar hannu. Jini ya ɗiga a kan dardumar salla. Kafin ya yi tunani ya damƙo ta ta ƙeya ya ɗaga ta sama, bango na gabansa, ya san wurgi ɗaya ya isa.

"Baba, a'a!" Ikram ta ƙwalla ihu.

Ya ji fatar ƙunar a tafin hannunsa, sumul kamar leda, zuciyar magen tana bugawa a ƙarƙashi. Ya sauke ta a hankali. Ta shige bayan kujera, ba ta sake fitowa ba sai da yunwa ta koro ta. Rachida ce ta raɗa mata suna tana wanke masa ciwon: "Wannan ai Yaji ce."

Sannu a hankali suka saba. Kullum ya dawo aiki yakan ajiye mata guntun hanta a murfin roba, ya juya baya kamar bai san da ita ba. Ɓeraye suka fara bayyana a bakin ƙofa, wasu ba kai. Ba ta taɓa hawa cinyarsa ba, amma in ya zauna cin tuwo takan kwanta kusa da ƙafarsa, kunnenta mai lafiya a miƙe.

A gini na gaba akwai wani saurayi mai kare, irin mai faɗin kai da gajeren wuya, wanda yake ɗaurewa da sarƙa a jikin matattakala. Maƙwabta sun yi ta kai ƙara ofishin masu gidan, ba a yi komai ba. Wata Lahadi da zafi, bayan la'asar, Ikram na zaune a kan matattakalarsu, Yaji na cinyarta da igiya a ƙirji, Moutari yana wanke mota a wurin fakin. Ƙarar sarƙa a kan kwalta ya fara ji.

Karen bai yi haushi ba. Ya haye matattakalar kai tsaye ya cafki Yaji ta ƙafar baya, ya fizge ta yana girgiza kai. Ikram ta ƙi sakin igiyar. Ya ja ta ta gangaro, fuskarta ta bugi siminti, haɓarta ta tsage. Da ta yi ƙara, karen ya tofar da magen ya juyo kanta.

Moutari bai san lokacin da ya iso ba. Ba wuƙa, ba sanda, sai soso a hannu. Ya cusa hannun damansa a bakin karen, tsakaninsa da wuyan yarinyar. Ya ji ƙashi ya ce ƙas. Karen ya datse ya soma girgiza, naman hannun yana yagewa kamar tsohon zane. Moutari ya naushe shi da hagu a ido, ya sake, ya sake, karen ko gezau. Ya faɗa masa da dukkan nauyinsa, ya danne masa haƙarƙari da gwiwa, hannun hagu yana lalube a ƙasa har ya taɓo bulon da ake tokare ƙofa da shi. Ya san inda kai ya haɗu da wuya, aikinsa ke nan tun yana yaro. Ya sauke bulon a nan. Sai a bugu na uku muƙamuƙin ya saki.

Bai gama miƙewa ba ya ji wuta a bayansa. Mai karen ne da sandar ƙarfe, yana zagi yana kuka, ya sake ɗagawa ya sauke masa a haƙarƙari. Moutari ya juyo ya zuba masa hagu ɗaya a gindin kunne. Saurayin ya zube kamar buhu. Moutari ya ɗaga ƙafa a saman fuskarsa.

"Baban Ikram! Don girman Allah!" Muryar Rachida ce daga bene. "Yarinyarka na kallonka!"

Ya tsaya da ƙafar a sama, jini na zuba daga yatsunsa. Ya sauke ta a kan kwalta, ya zauna daɓas a gefen gawar karen.

'Yan sanda da suka iso, baƙin ƙato suka gani jina-jina da wani a kwance, shi suka fara kifewa a kan bonet. Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta fito da rigar coci ta yi ta musu faɗa har suka saurara. Ita ce kuma ta je kotu daga baya ta faɗi abin da ta gani, aka sallame shi.

Yaji kuwa ƙarƙashin mota ta ja jiki ta ɓuya. Ikram ce ta ba da lambar Misis Wanda kafin a sa ta a motar asibiti. Tsohuwar ta zo ta kwanta rub da ciki a kan kwalta mai zafi ta jawo magen, ta sha cizo a kan cizo. Likitan dabbobi ya yanke ƙafar. Yaji ta koma riƙo a Pleasant Garden har ta warke, aka sake kawo ta gida da ƙafa uku.

An yi wa Moutari aiki a hannu sau biyu, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasawa ba. Ya gwada yanka da hagu, ya ga yana wahalar da dabba, ya ajiye wuƙa da kansa. Alhaji ya mayar da shi tuƙin motar kai nama gidajen abinci. Ya daɗe ba ya son a yi masa maganar ranar. In 'yan uwa sun yabe shi a masallaci, yakan ce karen ma wani ne ya lalata shi.

Da shekara ta zagayo suka bar afatmen ɗin, suka kama ɗan ƙaramin gida mai shinge a kudancin gari. Misis Wanda ta fara kiransa in tana da dabbar da za a ɗauko daga nesa, tunda yana da mota mai sanyi a baya. Karo na farko da aka ce kare ne, ya tambaye ta adireshin. Sannan ya ce a gaya wa masu karen su sa masa takunkumi kafin ya iso.