Ƙyallen Gwaggo Shulan a Gonar Wiwi

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Yunnan a ƙasar Sin, kowace mace tana saƙa ƙyallen da za a rufe gawarta da shi, da zaren wiwi. Wiwinmu ba ya sa maye, tufafi muke yi da shi, da mai, da magani. Tsofaffi sun ce da wannan ƙyalle kakanni ke gane nasu. Gwaggona Tao Shulan shekara uku ta yi tana saƙa nata, ta gama daidai lokacin da idonta ya fara dushewa. Ta kulle shi a akwati. Ni 'yar ƙanenta ce, amma sau ɗaya tak na taɓa ganinsa.

Gwaggo gajeriya ce, ga faɗa, kuma yabo ba ya cikin bakinta. Mijinta Baba Gu ɗaukar kaya a kan dutse ta cinye masa gwiwa. Kowace safiya sai ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta shafa masa man da take haɗawa, tana shafawa tana mita. Ganyen wiwi, da fure, da saiwa, duk take jiƙawa a cikin man da ta matse daga 'ya'yansa. Ba ta zubar da komai. Da wannan man yake iya sauka kasuwa ya sha shayi da abokansa.

Sai wani kamfani ya zo, ya raba wa mutane nasa irin. Su fure kawai suke so, suna cire sinadari ɗaya daga ciki, fari fat kamar gishiri. Sharaɗinsu ɗaya: kada a bar namijin wiwi ko ɗaya, domin idan garin furensa ya bi iska ya faɗa wa na matan, za su yi 'ya'ya, sinadarin ya ragu. To ita kuwa Gwaggo 'ya'yan take nema, kuma ba namiji ba 'ya'ya.

Mai gari Lo ya zo da kansa, riƙe da kwalbar man shafawa na kamfanin.

"Inna, ga na zamani, tatacce, ba dauɗa. A taimaka a tuge mazan nan, gonakin jama'a ne a tsakani."

Ta buɗe, ta sansana, ta yatsine fuska. "Wannan ko wari ba shi da shi. Kai Lo, in na tsame gishiri daga miya na ba ka a cokali, ka ci abinci?"

"Haba Inna, masu ilimi fa suka auna shi."

"Sun auna gwiwar mijina?"

Gaskiya ni ban san wanda ya fi ba. Maƙwabciyarmu ta shafa na kamfanin ta ce bayanta ya saki. Baba Gu ma ya gwada kwana goma, sannan ya ce, "Tsohuwa, wannan ma yana yi. Tuge mazan kawai, kada a ce mu ne muka cuci gari."

Gwaggo ta harare shi. Washegari ta shiga gonarta ta bayan gida ta kama tugewa.

Ranar kasuwa ina saukowa daga dutse na hango Baba Gu a gabana. Sau huɗu ya zauna saboda ciwon gwiwa kafin ya kai gada, yana waige-waige kada a gan shi. Abin ya taɓa min zuciya. Na koma na faɗa wa Gwaggo.

"Ke kike ba ni labari?" ta ce. "Shekara arba'in ina jin takunsa. Maƙaryacin banza. Zo ki riƙe min gora."

Ashe namijin wiwi ɗaya ta bari, da mata biyar kewaye da shi. Muka kafa gorori, ta shiga ɗaki ta fito rungume da ƙyallen akwatin nan.

"Gwaggo! Ba ga leda ba?"

"Leda za ta dafa su. Wannan yana numfashi, kuma saƙata ko garin fure ba ya ratsa ta."

Muka lulluɓe su har ƙasa, ta danne bakin da duwatsu. Lo ya zo ya zagaya sau biyu, ya gane ƙyallen rufe gawarta ne, ya cire hularsa ya tafi.

Sati biyar ƙyallen ya yi a waje, ruwa na dukansa, rana na gasa shi. Da muka yaye, 'ya'ya sun fara kamawa, amma ƙyallen ya yi rawaya, gefe guda ya yi baƙi da fumfuna, wani wurin ya yage. Idonta kuwa ba zai sake saƙa wani ba, mu duka mun sani.

Baba Gu ya riƙe ƙyallen. "Tsohuwa, yanzu da me kakanni za su gane ki?"

"Za su ji muryata," ta ce. "Miƙo ƙafar nan, akwai ɗan sauran mai a gindin tulu."