Irin Furen Ƙanena

Shekaru masu yawa a baya, tun Turawa ba su tafi ba, muna zaune a Zaitawa, a wani gidan ƙasa mai tsakar gida kamar tafin hannu. Mahaifina baduku ne a Kasuwar Kurmi. Mu biyu kacal Allah ya raya wa mahaifiyata: ni 'yar fari, mai bakin da ba ya gajiya, sai ƙanena da aka sa a makarantar boko.

Wata rana ya dawo da kwalin ashana a hannu, yana ta washe baki. Ya buɗe mana, sai ga wasu busassun abubuwa kamar ƙaiƙayi. Wai irin fure ne, malaminsu ya ba su daga lambun makaranta, kuma da ruwa ya sauka zai shuka a gindin katanga, inda mahaifiyata take shuka yakuwa da alayyahu. Ta tambaye shi ko ana miya da shi, ya ce a'a. Ta ce to magani ne? Ya ce a'a, kallonsa ake yi. Ni kuwa abin nema ya samu. Na sa masa suna manomin kallo, na yi ta tsokanarsa har ya ɗauke kwalinsa ya ɓoye a saman bango.

Damina ba ta riske shi ba. Cikin zafin bazarar nan sanƙarau ya shigo unguwarmu. Ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin mu farga an kai shi makwancinsa.

Mahaifiyata jinin Fulani ce, ba wanda ya ga hawayenta a zaman makoki. Mata suka yi ta yaba haƙurinta. Amma ni da nake wanke kwanonta na san yadda aka zuba tuwon haka yake dawowa.

Bayan sadakar arba'in, da ruwan fari ya sauka, sai na ga ta ɗauko fartanya. Wurin yakuwarta ta nufa. Ta kafce shi, ta farfasa ƙasar da hannu, ta tsince duwatsu, ta sa ni na kwaso takin awaki da toka muka cakuɗa. Ta kewaye wurin da fasassun tukwane, ta kafa kara, ta jera ƙaya saboda kaji da akuyarmu mai ɓarna. Sannan ta miƙa hannu saman bango ta sauko da kwalin. Ashe ta san inda yake.

Rijiyar gidanmu zartsi ce, don haka ba ta yarda ruwanta ya taɓa shukar ba. In sama ta yi jinkiri, daga randar da muke sha take ɗiba. Mahaifina ya ga haka, ya saka takalminsa ya tafi kasuwa.

Kaɗan ne suka tsiro, amma sun tsiro. Kuma tun daga ranar ta koma cin abinci. A gefensu take tankaɗe, a gefensu take lazimi. Shukar ta yi kore shar, ta kai mini gwiwa, ta fara fitar da 'yan kawuna a dunƙule. Kullum da safe can nake fara zuwa, ina ɗokin ganin abin da na yi wa dariya.

Sai dai kan da na gani jiya, yau babu shi. Na zargi kaji, na zargi akuya, har dukan banza ta sha a hannuna, baiwar Allah. Sai wata safiya na fito daga madafa na tarar da mahaifiyata a tsugune, tana bin kawunan ɗaya bayan ɗaya tana tsinkewa da farce, yadda take yi wa alayyahu don kada ya tsufa.

Na ɗauka rashin sani ne. Da ɗan iyayina na ce, “Inna, wannan fa ba ganyen miya ba ne. Furen shi ne abin, shi kike cirewa.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ke, na riga ki sani. Duk shukar da ta yi fure ta gama kwananta. Bari ya ƙara kwana biyu tukuna.”

Na koma madafa na zauna, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Haka muka ci damina. Duk sanda na tuna mata cewa sai an bar shi ya yi fure za a samu iri, sai ta ce ta sani, mako mai zuwa za ta bari. Mako ya zo, hannunta ya kasa. Har ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara shigowa, ganyen ƙasa suka soma rawaya. A lokacin ne ta haƙura ta ƙyale kawunan ƙarshe. Ƙanana ne, marasa ƙarfi. Ta yi ta ba su ruwan randa safe da yamma, amma a dunƙulensu suka bushe.

Ranar da ta tuge karan ina tsaye. Ta shimfiɗa faifai, ta murtsuke busassun kawunan a tafin hannu, ta hura a hankali, ta duba. Ta sake murzawa, ta sake dubawa. Ta daɗe a haka. Can ta ce, “Babu iri.” Shi ne karo na farko da na ga ta yi kuka, kuma ba ta juya mini baya ba.

A da nakan ji haushinta in na tuna, ina cewa da ta bari sau ɗaya, da kowace damina muna da abin shukawa. Sai da na haifi nawa, na binne wani a cikinsu, na daina ganin laifinta. Wanda aka fizge wa abu ba shiri, hannunsa ba ya iya saki ko da ya san saki ne daidai. Ita ma ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙansu duka.

Yanzu jikokina sun cika mini tsakar gida da furanni, ja da fari da rawaya. Sukan tambaye ni wanne ne irin na ƙanen nawa. Sai in duba, in duba, in ce ban sani ba. Ganyensa kawai na taɓa gani.