Gonakin da Ba Su da Lamba

Da ajami na fara rubutu, kwamfuta sai da furfura ta fara fito mini na koye ta. Ni na rubuta wa ƙungiyar manomanmu manhajar da ke riƙe sunan kowa da gonarsa. Tsohon harshen kwamfutar da na yi aikin da shi ba ya tambaya, duk abin da ka zuba a gurbi zai karɓa. A gurbin girman gona wani ya ce eka uku, wani ya ce daga tsamiya zuwa bakin rafi. Duka na shigar yadda aka faɗa.

Da mutanen ƙauyukan Randagi da Tabanni suka gudo gari saboda 'yan bindiga, daji ya cinye iyakokin gonakinsu. Shaidar da ta rage wa da yawansu ita ce wannan rajista.

Sai aka ce a mayar da manhajar zuwa wani harshe mai tsauri, wanda sai ka faɗa masa irin abin da kowane gurbi zai ɗauka. Gurbin lamba, lamba kawai. Injiniyar da aka turo daga Kaduna don ta shugabanci aikin ta duba rajistar, ta yi dariya.

"Baba Malam, tsamiya eka nawa ce? Sa musu sifili mu wuce."

"'Yata, sifili fa yana nufin mutum ba shi da gona."

"Na wucin gadi ne."

"Gudun nasu ma da wucin gadi aka fara."

Malaminmu na ajami ya hore mu cewa mai kwafar littafi ba ya gyara abin da ya tarar, ko bai gane shi ba. Ba zan tsaya gaban Allah da sifilin ƙarya ba. Na ƙera wa gurbin sabon nau'i mai ɗaukar ko lamba ko magana. Harshen ya yi ta ƙin aikina, yana nuna mini duk inda na manta da gonakin da aka auna da magana. Ban ji haushinsa ba, gaskiyarsa ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wa'adi ya wuce. Aka kira daga Kaduna aka ce za a ba wani aikin. Na ce a ba shi, amma da hannuna ba zan share gonar kowa ba. Injiniyar ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, sannan ta jawo kujera kusa da ni.

"Matsa, Baba. Saura wurare nawa?"